Ruwan Hoda: Launin Ne Da Laifi, Ko Mu?

Ran nan muna cikin mota daga ƙofar Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke Batagarawa za mu shiga birnin Katsina, sai wani saurayi ya shigo sanye da shadda ruwan hoda, ta sha guga. Bai gama zama ba wani ya ce masa, "Malam, zanen ƙanwarka ka kai wa tela?" Aka kwashe da dariya. Saurayin nan bai tanka ba, amma da muka iso Ƙofar Ƙaura ya sauka kansa a sunkuye. Tun ran nan nake tambayar kaina, shin launi yana da laifi? In kuwa yana da shi, a tufa yake, ko a idon mai kallo?

Bari mu fara da sunan. Bahaushe yana da fari da baƙi da ja, yana da kore da shuɗi. Sauran launuka kuwa yakan jingina su ga abin da ya sani, ya ce ruwan goro, ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan ɗorawa. Da wannan launi ya zo, sai aka jingina shi ga hoda, ita kuwa hoda har sunanta daga bakin Turawa muka are shi. Ashe ke nan baƙo ne. To, amma baƙunta ba aibu ba ce, domin atamfa da leshi da ita kanta shaddar duk daga waje suka zo, ga shi yau ba a haɗa lefe sai da su.

Masu dariya za su ce ai launin mata ne. Wa ya ba su shi? A 1918 wata mujallar masu sayar da tufafin yara a Amurka ta shawarci iyaye su sa wa ɗa namiji ruwan hoda, wai don ya fi ƙarfi, su bar wa 'ya mace shuɗi. Sai daga wajen shekarun 1940 al'amarin ya juye. A 1953 matar Shugaba Eisenhower ta sa riga ruwan hoda a bikin rantsar da mijinta, mata suka yi ta koyi da ita, 'yan kasuwa kuma suka ga hanyar ciniki. Wato hukuncin da muka yanke wa saurayin nan a mota bai kai shekara ɗari ba, kuma ba kakanninmu suka kafa shi ba. Na yarda mutum a cikin jama'a yake zaune, ya kamata ya kula da abin da idonsu ya saba da shi. Sai dai sabo daban, gaskiya daban, kuma bai dace ɗalibin ilmi ya muzanta ɗan'uwansa a kan abin da bai binciki asalinsa ba.

A ganina, inda ya kamata mu tsaya mu yi tunani shi ne fuska. Kwalliyar iyayenmu mata, kwalli ne a ido, lalle a hannu da ƙafa, katambiri a goshi, fure da goro a haƙora. Duk waɗannan a kan baƙar fata aka yi su, ita suke ƙawatawa, ba su neman ta kauce ta ba su wuri. Shi kuwa ruwan hoda a kunci kwaikwayo ne na jinin da ke bayyana a fuskar farar mace in ta ji kunya ko sanyi. Yarinya baƙa ta shafa don nishaɗi ranar biki, ta yi anko da ƙawayenta, ban ga abin zargi ba. Matsala tana farawa ne ranar da ta dubi madubi ta ce launin bai zauna ba, fatarta ce ta hana. Daga nan sai a bar gyaran hoda a koma gyaran fata.

Wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ruwaito cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Nijeriya suna amfani da man sauya launin fata, a 2023 kuma hukumar NAFDAC ta kira abin matsalar lafiya ta gaggawa. Wasu mayukan suna ɗauke da zaiba mai lalata ƙoda, wasu suna sa fata ta yi sirara har rauni ya ƙi warkewa da wuri, wasu kuma daga baya su bar baƙin tabo a kuncin da aka so ya yi ja. Garin neman gira an rasa ido.

Kada kuma mu maza mu ɗora wa mata laifin duka. Mu ne muke cewa "fara ko mayya ce", mu ne muke aika ƙannenmu su dubo mana yarinya mai haske. Wanda ya sa farashi ba shi da bakin zagin mai kawo kaya kasuwa. Abin mamaki, bakin da ya yi wa saurayi dariya don ya sa launin a riga, shi ne yake yaba wa budurwa don ta saye shi da lafiyarta.

Saboda haka ga ma'aunin da nake ba 'yan'uwana ɗalibai shawara mu riƙe. Duk adon da za ka tuɓe da dare, ko ki wanke da ruwa, sa'an nan a dubi madubi a ga fuskar da aka yarda da ita, wannan ado ne, kowane launi ne kuwa. Wanda kuwa ya sa mutum ya tsani fatar da uwarsa ta haife shi da ita, kayan aro ne, Hausawa kuma sun ce ba ya rufe katara. Shaddar saurayin nan ta cikin kashi na farko ce. In Allah ya sake haɗa mu a mota, zan roƙe shi gafara, domin ni ma na yi dariyar.