Uwargida, Ina Za Ki da Yara Ranar Jana'izar Sarki?

 

Ranar Talata 15 ga watan Yulin 2025, wato ranar da aka binne tsohon shugaban ƙasa Muhammadu Buhari a Daura, motoci sun yini suna wucewa ta titin da ya bi ta Dambatta da Kazaure. Mu da ƙauyenmu ba shi da nisa da titin, muna jin ƙugin su daga cikin gida. Da yamma a ajin matan aure, wata ɗalibata ta ɗaga hannu ta ce, "Malama, da a ce maigida zai bar ni in kwashi yara mu bi su, ai ina da lada ko?" Na ba ta amsa a taƙaice saboda magariba ta kawo jiki, amma tambayar ta tsaya min a rai, domin ni kaina na taɓa yin irin wannan tafiya, kuma har yau idan na tuna sai gabana ya faɗi.

Ranar Juma'a 6 ga watan Yunin 2014, cikin watan Sha'aban, rediyo ta sanar da rasuwar Mai Martaba Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero, Allah Ya jiƙansa. Ya bar duniya yana da shekara 83, bayan ya yi fiye da shekara 50 a kan gadon sarauta, domin tun 1963 aka naɗa shi. Mazan gidanmu duk suna gona, lokacin shuka ne. Uwar mijina tana bakace a tsakar gida, ta ajiye faifai ta zauna tana hawaye, ta ce tun tana amarya ba ta san wani sarki ba sai shi. Wanda bai zauna a ƙasar Kano ba zai yi wuya ya gane irin son da talakawa suke yi wa wannan bawan Allah. Mutum ne mai haƙuri da kawaici, har bayan harin da aka kai wa tawagarsa a watan Janairun 2013 mutane ba su ji ya fito yana ɗaga murya ba.

Kafin azahar matan gidan sun yanke shawara za a je birni. Facalata ta goya jaririyarta, ta riƙo ɗanta ɗan shekara huɗu da 'yarta 'yar shekara bakwai. Ni ma na goya nawa ɗan wata takwas na bi su, ni da na gama karatun NCE, ake kira na Malama. Ba mu jira mazan sun dawo daga gona ba, muka ce ai Inna ta sani, shi ke nan.

Motar da muka samu a bakin titi ta cika ta batse, yara a kan cinya, gumi yana zuba. A Ƙofar Ruwa aka sauke mu. Tun shekarar da ta gabace ta gwamnati ta hana acaɓa a Kano, A Daidaita Sahu kuwa duk wanda ya zo a cike yake, sai muka kama hanya a ƙafa. An ce za a yi sallah a Ƙofar Kudu, ƙofar gidan sarki, daga nan a kai shi gidan sarki na Nassarawa inda aka binne mahaifinsa Sarki Abdullahi Bayero. Wallahi 'yar uwa, ko hango Ƙofar Kudu ba mu yi ba. A wani lungu muka maƙale, gaba mutane, baya mutane, ba ka ganin komai sai ƙeyar na gabanka. Kabbara kawai muka riƙa ji tana tasowa daga nesa. Da aka idar, jama'a suka juyo gaba ɗaya za su bi gawa, sai na ji an ɗaga ni an ajiye ba da son raina ba, wani ya take min gefen hijabi har ya shaƙe ni, ɗan da ke bayana ya tsandara kuka sannan ya yi shiru. Wannan shirun shi ne abu mafi tsanani da na taɓa ji a rayuwata. Da ƙyar na jingina da wani bango na kwance shi, na ga yana numfashi. Ina ɗagowa sai na ga facalata tana juye-juye, hannunta na dama babu kowa.

Mun nemi yaron nan tun la'asar sakaliya har bayan isha'i. Waya ba ta shiga. Muna tambaya ana ce mana ku duba can, ku duba nan. A ƙarshe a gidan wani mai unguwa muka same shi, wani mai sayar da ruwan leda ne ya tsince shi ya kai, Allah Ya saka masa da alheri duk inda yake. An tambaye shi sunan babansa ya ce Baba, an tambaye shi garinsu ya ce gidanmu. A gidan wata 'yar uwa muka kwana a birni. Abin da nake jin kunyar faɗa, amma dole in faɗa tunda nasiha nake yi, la'asar da magariba ta ranar sai cikin dare muka rama su. Mun fito neman ladan abin da ba a ɗora mana ba, muka saki farilla.

To yanzu mu koma ga hukunci. Sallar jana'iza farilla ce ta kifaya, idan wasu suka yi ta faɗi a kan sauran. Ranar nan kuwa dubban maza sun tsaya sahu-sahu, babu wani giɓi da ake jiran ni ko ke mu cike. Game da mata, Ummu Aɗiyya (RA) ta ba da labari, kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa an hana su bin jana'iza, sai dai ba a tsananta hanin ba. Daga nan malamai suka yi bayani. A mazhabarmu ta Malikiyya an rarrabe: tsohuwar da ta manyanta babu laifi ta fita, mace mai ƙuruciya an yi mata rangwame idan mamacin na jikinta ne sosai, kamar uba ko ɗa ko miji ko ɗan uwa, muddin ba a jin tsoron fitina, idan ba na jikinta ba ne, makaruhi ne, inda kuwa ake tsoron fitina, an hana. Ki duba da kyau, sarki ubanmu ne ta fuskar girmamawa, amma a wannan babi na fiƙihu ba ya cikin waɗanda aka lissafa. Kuma wace fitina ce ta wuce mace ta tsinci kanta a matse tsakanin maza, ba ta iya ko gyara mayafinta?

Na san abin da wata za ta ce: "Malama, so ne ya kai mu, kuma muna son yara su ga tarihi." Ban raina wannan ba. Son shugaba adali alheri ne, zubar da hawaye a kansa ma babu laifi, abin da aka hana shi ne kururuwa da marin fuska da yaga tufafi. Amma mu tambayi kanmu tsakani da Allah, me mamaci yake amfana da shi daga gare mu? Addu'a ce da sadaka. Addu'ar da kika yi a kan tabarmar sallarki a ƙauyen Makoɗa ko Kunci ba ta buƙatar kuɗin mota kafin ta isa. Lokacin da Najjashi sarkin Habasha ya rasu a shekara ta 9 bayan Hijira, Manzon Allah (SAW) yana Madina ya sanar da sahabbai, ya yi masa sallah daga can, babu wanda aka tura ya tsallaka teku. Malamanmu na Malikiyya suna ganin wannan sallah ta keɓanta da shi ne (SAW), don haka ba cewa nake ki tashi ki yi sallar ga'ibi a ɗaki ba. Abin lura kawai shi ne nisa bai hana alheri isa ga mamaci ba. Haka nan littattafan sira sun kawo cewa da aka zo yi wa shi kansa Fiyayyen Halitta (SAW) sallah, rukuni-rukuni aka riƙa shiga ɗakin, maza suka gama, sannan mata, sannan yara. Babu mamacin da aka so kamarsa, amma ba a cakuɗa ba, ba a turmutsa ba.

Maganar tarihi kuwa, yaron da tsawonsa bai wuce ƙugun babba ba, me zai gani? Ƙafafu da gwiwoyi. Iskar da ke ƙasa ita ce mafi zafi da ƙaranci. Masana harkar cunkoso sun bayyana cewa yawancin waɗanda ke mutuwa a turmutsutsu ba tattakewa ce take fara kashe su ba, matsewar ƙirji ce, mutum yana tsaye numfashi ya gagare shi. Idan haka ta faru da babba mai ƙarfi, ina ga jaririn da ke ɗaure a baya, inda uwarsa ba ta ganin fuskarsa, kuma duk wanda aka turo a kansa zai faɗo? Ba mu manta da Mina ba, ranar 24 ga Satumban 2015, inda alhazai masu ɗimbin yawa suka rasu a cunkoso, cikinsu har da uwarmu Hajiya Bilkisu Yusuf, gogaggiyar 'yar jarida kuma jigo a harkar ƙungiyoyin mata Musulmi, Allah Ya karɓi shahadarsu. Su ibada ce ta wajibi ta kai su. A Ibadan kuma, cikin Disamban 2024, yara 35 ne suka mutu a wajen wani taron rabon kyauta, kuma da yawansu iyaye ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya.

Ya ke uwargida, hadisi ya tabbata cewa mace makiyayiya ce a gidan mijinta da 'ya'yansa, kuma za a tambaye ta. Ba na jin za a tambaye ki don me ba ki je Ƙofar Kudu ba, amma hannun yaron da kika saki za a tambaye ki. Kuma izinin miji ba ƙaramin abu ba ne da za a ce Inna ta sani a wuce. Mu da muka yi haka, mun dawo mun tarar da mazanmu sun kwana a bakin titi suna tare duk motar da ta fito daga Kano. Ba su ce mana komai ba, kuma da sun yi faɗa da ya fi mana sauƙi.

Duk da haka na san akwai ranar da tafiya za ta zama dole. Wata 'yar gidan sarauta ce, mamacin kawunta ne ko kakanta. Wata mahaifinta ne ya rasu a birni ranar da gari ya cika. Idan haka ta kama, ki bar duk yaron da za a iya bari, a gidajenmu na karkara ba a rasa kaka ko facala ko maƙwabciya. Wanda yake shan nono ki tafi da shi, amma da kin ga mutane sun fara yawa ki sauke shi daga baya ki rungume shi a gaba, ki tokare da gwiwar hannu don ki bar masa wurin numfashi. Ki tafi da muharrami, ki wuce kai tsaye cikin gida wajen mata, ki bar wa maza filin sallah da hanyar maƙabarta. Yaron da ya iya magana ki koya masa cikakken sunan babansa da sunan garinku da na dagacinku tun yau, kada ki jira ranar tafiya, sannan ki rubuta lambar waya a takarda ki sa masa a aljihu ki maƙale da fil. Ki tattare hijabinki kada ya ja ƙasa. Idan takalmi ya fita ki bar shi, sunkuyawa cikin cunkoso ita ce faɗuwa. Kada ki yi gaba da gaba da jama'a, ki riƙa bin su kina zamewa gefe-gefe har ki samu fili. Idan kuwa ƙaddara ta sa yaro ya ɓace, ki fara da gidan mai unguwa da ofishin 'yan sanda ko na Hisba mafi kusa, sannan a kai cigiya gidan rediyo. Ki riƙe ruwa, ki riƙe alwala, ki san inda za ki yi sallah kafin lokaci ya shiga.

Wadda ta zauna a gida kuma ba ta rasa abin yi ba. Ki tara yara ki gaya musu wane ne ya rasu, ki sa su ɗaga hannu su yi masa addu'a, ki dama fura ko kunu ki aike su da shi ga almajirai da tsofaffin unguwa da niyyar Allah Ya kai ladan gare shi. Wannan shi ne abin da uwar mijina ta yi ranar da muka tafi muka bar ta, ta auni gero kwano biyu ta bayar, ta yi sallolinta kowace a kan lokaci. Bayan kwana biyu mazan gidan suka bi dagaci zuwa wajen hakimi aka yi ta'aziyya a natse.

Yaron facalata yanzu ya zama saurayi, yana sakandare, shi yake raka ƙannensa Islamiyya. Kwanaki na tambaye shi ko yana tuna ranar jana'izar Sarki Ado. Ya yi shiru yana tunani, sannan ya ce abin da yake tunawa shi ne wani mutum mai kwando a ka ya ba shi ruwa mai sanyi, sai kuma takalminsa ƙafa ɗaya da bai dawo da shi gida ba.