Me Za A Ci Da Harshen Da Ya Mutu?

A jerin darussan digirin farko na Jami'ar Oxford akwai wani da ya haɗa abu biyu: adabin Ingilishi, da kuma harsuna da adabin tsohuwar Girka da Rum, abin da Turawa suke kira Classics. Wanda ya zo da Latin ko Girkanci tun daga sakandare shekara uku zai yi. Wanda bai taɓa ganin ko baƙi ɗaya ba sai a ƙara masa shekara guda ta koyon harshe, ya yi huɗu. A jarrabawar ƙarshe akwai takardun da aka ware don haɗa ɓangarorin biyu. Ɗalibi zai ajiye Homer da Virgil a dama, ya ajiye Milton a hagu, ya faɗi abin da Milton ya ɗauko daga waɗancan magabata da abin da ya ƙi ɗauka.

Mu da muka karanta kimiyyar kwamfuta, da mun ga irin wannan, tambayar da take fara zuwa bakinmu ita ce wadda iyayenmu za su yi: to, me za a ci da shi? Shekara huɗu, kuɗin makaranta a fam na Ingila, a kan harsunan da babu kasuwar da ake ciniki da su a yau. Kada a raina wannan tambaya. Uban da ya sayar da gona don ɗansa ya yi karatu yana da haƙƙin a ba shi amsa, kuma amsar ba ta zama “ilimi ai ilimi ne” ba. Akwai ƙanne a baya suna jiran layi.

Masu kare wannan karatu sukan ce yana gyara hali, wai wanda ya zauna da manyan littattafai zuciyarsa takan yi laushi. Da ma haka ne. A shekarar 1550 an yi muhawara a garin Valladolid na ƙasar Sifen kan ko ya halatta a yaƙi 'yan asalin nahiyar Amurka a mallake su. Wanda ya tsaya a kan halacci, Sepúlveda, gwani ne a Girkanci, shi da kansa ya fassara littafin siyasa na Aristotal zuwa Latin, kuma daga cikinsa ya ɗebo hujjar cewa wasu mutane bayi ne tun daga halitta. A ƙarni na 19 jarrabawar shiga aikin mulkin mallaka na Indiya tana ba Latin da Girkanci maki mai tsoka. Yara sun taso suna haddar baitocin da Virgil ya ce aikin Barume shi ne ya mulki al'ummu, suka girma, aka ba su lardi. Karatun bai hana su komai ba. Wasu ma ya ba su kalmomi masu daɗi da za su lulluɓe abin da suke yi.

Sukan kuma ce Latin yana wasa ƙwaƙwalwa. Tun a shekarun 1920 masanin halayyar ɗan Adam Edward Thorndike ya gwada wannan a makarantun Amurka, bai samu wani fifikon a zo a gani ba. In dai wasa ƙwaƙwalwa ake nema, lissafi ya fi araha.

Amsar da ta gamsar da mu daga wurin aikinmu muka same ta, ba daga littafi ba.

Duk wanda ya yi shekara biyu yana rubuta manhaja ya san cewa rubutun kaɗan ne a cikin aikin. Yawancin yini karatu ne: karanta abin da wani ya rubuta shekara goma da suka wuce, ya bar kamfani, babu mai lambarsa. Sabon ma'aikaci yakan ga wani layi da bai gane amfaninsa ba, ya ce tarkace ne, ya goge. Washegari albashin mutane ya ƙi fita. A watan Afrilun 2020, lokacin da korona ta kori mutane daga aiki, gwamnan jihar New Jersey ta Amurka ya fito yana neman waɗanda suka iya COBOL, harshen kwamfuta da aka ƙirƙira a 1959, domin na'urorin da ke biyan marasa aikin yi kuɗin tallafi da shi suke aiki, kuma sun kasa ɗaukar yawan masu nema. An daɗe ana cewa harshen ya mutu. Ashe masu iya karanta shi ne suka ƙare, shi kuwa yana nan a ƙarƙashin komai yana ɗauke da abincin mutane.

Haka adabin Ingilishi yake zaune a kan Girka da Rum. Milton ya fitar da Paradise Lost a 1667 a kan tsarin da Homer da Virgil suka kafa, tun daga yadda ake buɗe waƙa har yadda ake jero sunayen mayaƙa, sai dai ya juya abin: halayen jarumtaka da waɗancan suka yaba, girman kai da ƙin sunkuyawa, sai ya ɗora su a kan Shaiɗan. Wanda bai san na farkon ba ba zai ga cewa gardama ake yi ba. James Joyce ya ɗauki tafiyar shekara goma ta Odisiyus ya matse ta cikin yini ɗaya a birnin Dublin a 1922. Dokoki, likitanci, har kalmar dimokuraɗiyya da muke ta rigima a kanta kowace shekara huɗu, duk suna ɗauke da tsofaffin layukan da ba mu muka rubuta ba.

Akwai wani abu a nan da ya kamata ya ba mu dariya, mu da aka ci mu tara a firamare don mun yi Hausa a aji. Ingilishi ma an taɓa yi masa kallon harshen gida wanda bai isa shiga jami'a ba. Sai a 1894 Oxford ta amince a yi digiri a kansa, bayan doguwar jayayya, masu adawa suna ganin hira ce kawai ba ilimi ba. Ɗalibin da ya karanta fannonin nan biyu tare yana ganin Ingilishi a matsayin mai cin bashi, ba mai bayarwa ba. Wannan kaɗai yana rage wa mutum tsoron harshen.

Amma ga ƙalubale mai ƙarfi: ai akwai fassara. Shakespeare bai karanta Plutarch da Girkanci ba lokacin da yake rubuta Julius Caesar, fassarar Thomas North ta 1579 ya yi amfani da ita, shi kuma North daga Faransanci ya fassaro. John Keats bai iya Girkanci ba, a fassarar Chapman ya haɗu da Homer. Idan waɗannan sun wadatu da fassara, wane ne ɗan shekara 18 da zai ce sai ya sha daga bakin rijiya?

Gaskiya ne, yawancinmu fassara ta ishe mu. Sai dai fassara hannun mutum ce, kuma hannu yana da son rai. A kusa da ƙarshen Odyssey, bayan Odisiyus ya dawo gida ya karkashe mazan da suka mamaye masa gida, ɗansa ya rataye mata goma sha biyu daga cikin masu aikin gidan, saboda sun kwana da waɗancan maza. Shekaru aru-aru masu karatun Ingilishi suna ganin su a matsayin 'yan aiki marasa kamun kai, wasu mafassara ma har da ƙara musu zagi. Da Emily Wilson ta fitar da tata fassarar a 2017, ta nuna cewa waɗannan kalmomin zagi babu su a Girkancin, kuma matan bayi ne, dukiyar gida, waɗanda ba su da ikon cewa a'a ga kowa. Da kalma ɗaya ta canza, sai hukunci ya koma kisan gilla. Ba a gano wannan da kyakkyawar niyya ba. Sai da aka samu wadda ta yi shekaru tana fama da nahawun Girkanci, kuma ta san adabin Ingilishi sosai har ta gane inda magabatanta suka sa nasu.

Malamanmu na fiƙihu suna da suna ga irin wannan nauyi: fardu kifaya. Ba a ɗora wa kowa ba, amma idan gari ya wayi gari babu ko mutum ɗaya da ya iya, laifin na kowa ne. A ganinmu nan ne matsayin wannan digiri. Ba dole ne ɗan kowa ya yi ba. Dole ne dai a samu masu yi, kuma kada su fito daga gida ɗaya.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne inda Ingila ta daɗe tana da laifi. Har zuwa 1920 ba a shiga Oxford sai da Girkanci, Latin kuwa sai a 1960 aka daina wajabta shi. Makarantun kuɗi ne suka fi koyar da su, don haka harsunan suka zama kwaɗo a ƙofa, mabuɗin yana aljihun masu hali. A 2021 Jami'ar Princeton ta Amurka ta ce ɗalibanta na wannan fanni za su iya gamawa ba tare da Latin ko Girkanci ba, don a buɗe ƙofa ga kowa. A shekarar kuma Jami'ar Howard, wadda aka kafa domin baƙaƙen fata, ta rushe sashen nata. Mun fahimci niyyar Princeton, amma ba mu yarda da maganin ba. An shigo da yaro ɗaki, an hana shi fitila. Zai ci gaba da dogaro da abin da wani ya ce littafin ya ce. Ƙarin shekara guda ta koyon harshe daga farko ta fi kusa da adalci, idan har an samu mai biyan kuɗinta.

Kuma wa ya ce gadon na Turawa ne su kaɗai? Terence, wanda aka yi ƙarnoni ana koyon Latin da wasanninsa, daga Carthage aka kai shi Rum a matsayin bawa, wato daga Tunisiya ta yau. Augustine ɗan ƙasar da ake kira Aljeriya ne yanzu. Jami'ar Ibadan tana da sashen wannan fanni, a can mawaƙi Christopher Okigbo ya karanta shi. Ola Rotimi ya mayar da labarin Oedipus ƙasar Yarbawa a 1968, Wole Soyinka ya sake gina wasan Euripides a 1973, Derek Walcott ya sa wa masuntan tsibirin Saint Lucia sunayen jaruman Homer a 1990. Ba su nemi izini ba.

Mu ma Girka ta shigo mana, ta ƙofar zaure. Abdurrahman al-Akhdari, mai littafin Ahalari da yara ke fara fiƙihu da shi, shi ne kuma ya rubuta Sullam, waƙar ilimin manɗiƙi da manyan ɗalibai ke karantawa. Manɗiƙin nan na Aristotal ne, ya biyo ta hannun mafassaran Bagadaza na ƙarni na 9. Littafin Isaguji ma sunansa Girkanci ne, daga gabatarwar da Porphyry ya rubuta a ƙarni na 3. Malamin da ke zaune a kan buzu yana rarrabe jinsi da nau'i, da wanda ke Oxford sanye da baƙar riga, rijiya ɗaya suke ja, guga ne ya bambanta.

Shi ya sa abin da ya fi damun mu ba Oxford ba ne. Tamu haɗakar ita ce Larabci da Hausa, kuma muna sakaci da ita. Rubutacciyar waƙar Hausa a kan ma'aunan arulin Larabci ta tashi. Nana Asma'u ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, wanda ya iya ɗaya kawai wani ɓangare na aikinta zai gani. Ruwan Bagaja na Abubakar Imam yana da dangantaka da Maƙamatul Hariri, kamar yadda Milton yake da ita da Virgil. Amma sau nawa muke haɗuwa da mai digirin Hausa da ajami ke yi wa wuya, ko gwanin Larabci da yake ganin littafin Hausa abin yara ne? Takardu suna nan jibge a Gidan Arewa da ke Kaduna da ɗakunan karatu na Sakkwato da gidajen malamai, gara tana nata karatun.

Mukan zauna da abokan aiki muna lissafin yadda za a ɗauki hoton waɗannan takardu a koya wa kwamfuta karanta ajami. Ana iyawa. Sai dai kowane lissafi a wuri ɗaya yake tsayawa: kafin na'ura ta koya, sai mutum ya zauna ya kwafe shafuka masu yawa daidai, ya ce nan Hausa ce, nan ayar Alƙur'ani ce aka tsakuro, nan kuma mai kwafe ne ya yi kuskure shekara ɗari da hamsin da suka wuce. Masu rubuta manhaja muna da su, kullum ƙaruwa suke yi. Wancan mutumin ne muke nema, kuma waɗanda aka nuna mana yawancinsu sun haura saba'in.

Da ƙanwarmu za ta zo ta ce Latin da Ingilishi take so, ko Larabci da Hausa, ba za mu ɓoye mata cewa albashinta na farko zai yi wuya ya kai na mai rubuta manhaja ba. Za mu tambaye ta ko za ta jure shekarar farko, wadda babu Homer a cikinta, babu Hariri, sai jadawalin fi'ili da ƙamus. In ta ce za ta jure, mu za mu je wurin Baba da maganar, kuma kuɗin zangon farko daga albashin kwamfuta zai fito.