Labarin Na Wane Ne: Na Mai Alƙalami Ko Na Mai Kallo?

Tambayar da nake so mu tattauna a wannan fitowa wata ɗalibata ce ta jefo mini ita ba tare da ta sani ba. Yarinyar tana aji shida, tana kuma rubuta wani labari kashi-kashi tana tura wa masu karatunta ta wayar salula. Ranar nan bayan an tashi daga darasi sai ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, don Allah ina neman shawara. Masu karatuna sun ce in ban aurar da tauraruwar labarina ga wanda suke so ba, za su daina karantawa. Ni kuwa tun farko ba shi na shirya mata ba." Na ce ta ba ni kwana biyu in yi tunani, domin kuwa abin ya tuna mini da wata rigima makamanciyar wannan da ta girgiza duniyar masu kallon talabijin a shekarar 2019.

Ina nufin rigimar da ta biyo bayan ƙarshen shirin nan mai dogon zango na Game of Thrones, wanda tashar HBO ta Amurka ta nuna daga 2011 zuwa 2019, zango takwas, kashi 73. Ba tallar shirin nake yi ba, don akwai wurare a cikinsa da ba zan so ɗalibaina su gani ba. Darasin da ke cikin rigimar ne ya dame ni. Shirin almara ne, an gina shi a kan littattafan George R. R. Martin, wanda na farkonsu ya fito a 1996. Labari ne na gidajen sarauta da ke kashe juna a kan wata karagar ƙarfe, ga matattu masu tashi su yi yaƙi, ga dodanni masu fukafukai da aman wuta. David Benioff da D. B. Weiss su ne suka mayar da littattafan wasan kwaikwayo. Tun daga zango na shida a 2016 shirin ya wuce inda Martin ya tsaya a littafinsa na biyar na 2011, saboda haka sauran hanyar su biyun ne suka ƙarasa ta.

Abin da ya tayar da ƙura shi ne kashi na biyar na zangon ƙarshe, wanda aka nuna ranar 12 ga Mayu, 2019. Tauraruwar da jama'a suka fi ƙauna, Daenerys, wadda ta shekara bakwai tana 'yanta bayi tana kiran kanta mai karya sarƙoƙi, ta zo cin babban birni da yaƙi. Mutanen birnin suka kaɗa ƙararrawa alamar sun miƙa wuya. Ta ji ƙararrawar da kunnenta, amma ta hau dodonta ta bi unguwa-unguwa tana ƙone maza da mata da yara. A kashi na ƙarshe masoyinta Jon Snow ya soke ta da wuƙa, aka naɗa wani yaro gurgu mai suna Bran sarki. Kafin ma a nuna wannan kashi na ƙarshe ranar 19 ga Mayu, mutane fiye da miliyan ɗaya sun sa hannu a wata takardar koke ta intanet, suna neman a rushe zangon gaba ɗaya a ba wasu marubutan da suka san aikinsu su sake shi. HBO ba ta sake komai ba. Hasali ma a watan Satumba na shekarar zangon ya ci kyautar Emmy ta shirin da ya fi kowane fice.

To, waɗannan mutane suna da gaskiya ko ba su da ita?

Amsar da ta fi sauƙi, wadda kuma ta fi daɗi a kunnen marubuci, ita ce a ce masu kallo sangartattu ne, ba sa son baƙin ciki, so suke kullum a ƙare da biki. Wannan amsa ba ta tsaya da ƙafarta ba, kuma tarihin shirin kansa ne ya kayar da ita. A zango na farko an fille kan Ned Stark, mutumin da kowa ya ɗauka shi ne gwarzon labarin. A 2013 an yi wa ɗansa Robb da mahaifiyarsa da matarsa mai ciki kisan gilla a wajen walimar aure. Mutane sun yi kuka, wasu sun rantse ba za su ƙara kallo ba, amma ba a tara miliyan ana neman a sake rubutu ba, kuma masu kallon ƙaruwa suka yi. Dalili kuwa a fili yake. Ned ya mutu ne saboda ya sanar da maƙiyiyarsa abin da ya gano kafin ya ɗauki mataki, don tausayin 'ya'yanta. Robb ya mutu ne saboda ya yi wa wani tsoho mai riƙo alkawarin auren 'yarsa ya saɓa. Duk wanda ya waiwaya zai ga sawun da ya kai su ga ramin. Mai kallo yana iya haɗiye ɗaci in an nuna masa tushen itacen.

Sai dai kafin mu wanke masu kallo, akwai wani abu da ya kamata a faɗa musu, wanda a ganina shi ne ya fi komai nauyi a wannan al'amari. Da yawa sun ce Daenerys ba za ta taɓa aikata haka ba. Anya kuwa? A zango na huɗu, da ta ci birnin Meereen, ta tarar iyayengijin bayi sun gicciye yara 163 a kan hanya don su tsorata ta. Sai ta sa aka kamo 163 daga cikin manyan garin aka gicciye su, ba bincike ba shari'a, duk da wani dattijon mashawarcinta ya roƙe ta ta yi sassauci. Daga baya wani saurayi ya zo gabanta ya shaida mata cewa mahaifinsa yana cikin waɗanda aka gicciye, alhali shi ne ya yi adawa da kashe yaran. A zango na bakwai ta ƙone wani kwamanda da ɗansa, fursunonin yaƙi, don sun ƙi durƙusa mata. A duk waɗannan wurare me masu kallo suka yi? Tafi suka yi. Ni ma da nake wannan rubutu na ji daɗi a raina a lokacin, ba zan ɓoye ba. Wutar tana cin waɗanda muka tsana, saboda haka muka kira ta adalci. A Amurka har ɗaruruwan iyaye suka raɗa wa 'ya'yansu mata laƙabinta, wato Khaleesi. Ranar da wutar nan ta juyo kan waɗanda ba su ji ba ba su gani ba, sai muka ce marubuta sun ɓata mana tauraruwa. Ina zargin cewa wani kaso na fushin nan kunya ce ta sake riga. Yana da wuya mutum ya yarda cewa shekara takwas ya yi yana yi wa azzaluma kirari, ya fi masa sauƙi ya ce alƙalamin wani ne ya karkace. Wanda ya ga yadda talakawa ke ɗaukar mai mulki a kafaɗa muddin bulalarsa a bayan abokan gabarsu take sauka, ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Wannan ke nan. Amma marubutan ma ba su fita ba, kuma laifinsu shi ne ya fi shafar mu masu koyon sana'ar. Tsakanin mai kashe maƙiyan da suka yi mata laifi da mai ƙone jariran garin da ya riga ya sallama akwai tafiya mai nisa. Zuciyar ɗan Adam tana iya yin wannan tafiya, tarihi cike yake da waɗanda suka yi ta, amma taki-taki ake yin ta, kuma aikin marubuci ne ya nuna kowane taki. Zango shida na farko kowannensu kashi goma ne. Na bakwai aka rage shi zuwa bakwai, na takwas zuwa shida. A cikin kashi biyu kacal aka kashe mata amintaccen bawanta, aka harbo ɗaya daga cikin dodanninta, aka fille kan aminiyarta a gabanta, mashawartanta suka fara ƙulla mata makirci. Duk dalilai ne masu ƙarfi, sai dai an jibge su ne kamar kayan da ake lodi a mota ana gudun ruwan sama. Ba a ba mu lokacin da za mu zauna da ita mu ga yadda baƙin ciki ke rikiɗa ya zama ƙiyayya ba. Sauri ya haifi nawa. Haka aka yi wa Jaime Lannister, wanda aka shekara da shekaru ana nuna mana yana tuba daga mugun halinsa, sannan cikin ɗan ƙanƙanen lokaci ya koma inda ya fito. Mutum yakan tuba ya koma, wannan ba ƙarya ba ce. Amma in za ka rushe ginin da ka sa mu muka taya ka ɗaukar tubalinsa, ai ka nuna mana inda ya tsage.

Ɗaya daga cikin 'yan wasan, Sophie Turner, ta ce takardar koken rashin mutunci ce ga ma'aikatan da suka sha wahalar shirin. Na fahimce ta, kuma zage-zagen da aka yi wa marubutan a intanet abin Allah wadai ne. Amma a matsayina na malami ba zan karɓi wahala a matsayin hujja ba. Sau nawa ɗalibi ke zuwa ya ce, "Malam, wallahi kwana na yi ina karatu," alhali abin da ya rubuta bai amsa tambayar ba? Nakan tausaya masa, amma makin da takardarsa ta ci shi nake ba shi. Sai dai kuma akwai iyakar da ni ma ba na ƙetarewa: ina iya jan layi da jan biro in rubuta cewa nan ba ka kawo dalili ba, amma ba na karɓe takardar in rubuta masa amsar da nake so in ce tasa ce.

A nan ne nake ganin masu koken suka zarce gona da iri. Mai kallo da ya ba da shekara takwas na rayuwarsa da kuɗinsa yana bin marubuci bashi, babu shakka. Alkawari kaya ne, kuma duk wanda ya fara ba da labari ya ɗauki alkawari. Amma me aka yi alkawarinsa? Cewa duk abin da zai faru zai fito ne daga halin mutanen da aka gabatar da kuma abin da ya same su. Ba a yi alkawarin wanda kake so shi zai hau karaga ba. Saboda haka mai kallo yana da haƙƙin ya ce ba a gamsar da shi ba, ya faɗa da babbar murya, ya rubuta sharhi, ya daina kallo. Abin da ba shi da shi shi ne ikon ƙwace alƙalamin. Kuma ko da an miƙa musu shi, wa za a ba? Mutum miliyan ɗin nan sun haɗu ne a kan ƙin abin da suka gani. Da an tambaye su abin da suke so a maimakonsa, da sun watse gida-gida, wannan na son Daenerys ta yi mulki, wancan na son Jon, wani kuma so yake kowa ya mutu.

Wani zai ce, to ai a tatsuniya yara sukan gyara wa kaka in ta sauya abin da Gizo ya yi, kuma takan karɓi gyaran. Haka ne. Amma tatsuniya gadon kowa ce, kaka ajiya aka ba ta, yaran sun san ƙarshen tun kafin ta fara. Ƙagaggen labari kuwa daɗinsa shi ne akwai wani mutum guda da ya ga abin da ba mu gani ba, muka yarda mu bi shi. In muka ce sai ya kai mu inda muka riga muka sani, me ya rage mana a tafiyar? An taɓa samun wanda ya sakko. Arthur Conan Doyle na Birtaniya ya gaji da tauraronsa Sherlock Holmes ya kashe shi a 1893, masu karatu suka yi ta aiko da wasiƙun fushi, bayan shekara goma ya dawo da shi da rai a 1903, ya ce ashe bai faɗa cikin ruwan ba. Masu karatu sun ji daɗi, aljihunsa ma ya ji daɗi. Sai dai Holmes mai warware laifuffuka ne, kowane labarinsa cin gashin kansa yake yi, dawo da shi bai rushe komai ba. Labarin da jigonsa shi ne yadda neman mulki ke cinye mai nemansa ba zai jure irin wannan ba.

Bayan kwana biyun na kira ɗalibata. Na ce, "'Yata, kada ki tambayi masu karatunki wanda za ta aura, kada kuma ki tambaye ni. Koma ki karanta labarin daga kashi na farko. In kin tarar tun can kin shuka abin da zai kai ta ga wanda kika shirya mata, ki ci gaba, ko da mutum uku ne suka rage miki. In kuwa kin tarar ba ki shuka ba, to masu karatun nan sun fi ki sanin yarinyar, sai ki saurare su." Ta tafi ta yi mako guda, ta dawo ta ce ta duba, tana nan a kan bakanta. Ta rubuta kashin auren ta tura, wasu suka fice daga zauren kamar yadda suka yi barazana. Ta kawo mini na karanta. Zaɓinta daidai ne, amma a shafi ɗaya da rabi ta sa yarinyar ta juya wa saurayin shekara uku baya. Na ja mata layi da jan biro, na ce ta ƙaro mini shafi biyar kafin hutu.