Ango Da Tsoron Daren Farko

 

Ya kai ɗan'uwa saurayi, za mu yi magana a kan abin da kake jin nauyin tambayar malami, amma ba ka jin nauyin tambayar mai tallar magani a tasha. Ummu Sulaim, mace ce fa, ta je gaban Annabi (S.A.W.) ta tambayi hukuncin mafarkin mace, ya ba ta amsa, bai kore ta ba. To kai kunyar me kake ji?

Sau da yawa amarya takan tare, ango ya kasa a daren farko, ya kasa a na biyu. Kafin mako ya zagayo dangi sun yanke hukunci: an ɗaure shi, wai tsohon saurayinta ne ya rufe kwaɗo ya jefa a rijiya. Sai a nufi gidan boka. Ba mu musun sihiri, Suratul Baƙara ta ambaci wanda ake raba miji da mata da shi. Amma wa ya gaya maka naka shi ne? Kuma ya tabbata a Sahihu Muslim cewa wanda ya je wa ɗan duba ya tambaye shi wani abu, ba a karɓar sallarsa ta kwana 40.

Ka san yadda Allah Ya tsara jikinka. Gaban namiji da jini yake miƙewa, jijiyoyin kuwa ba sa sakewa jinin ya shiga sai hankali ya kwanta. Idan tsoro ya zo, jiki yakan saki sinadarin da likitoci ke kira adirenalin, shi ne mai sa zuciyarka dukan uku-uku in kare ya biyo ka, kuma shi ne ke tsuke jijiyoyin nan. Yanzu dubi ango. Ya kwana bakwai yana hidimar biki ba barci, ga bashin lefe, ga ƙaryar abokai a majalisa, kowa ya mai da kansa zaki. Wani ma ya cika idonsa da batsa a waya, yana auna kansa da abin da shiri ne kawai na masu fim. Ya kasa sau ɗaya, gobe sai ya shiga ɗaki yana gadin jikinsa, zai yi ko ba zai yi ba? Wannan gadin shi ke kayar da shi. Wasu masu bincike a Amurka, William Masters da Virginia Johnson, sun bayyana wannan tun 1970, cewa mutum yakan koma ɗan kallon kansa maimakon ya natsu da iyalinsa.

Ga alama mai sauƙi. Lafiyayyen namiji gabansa na motsawa sau da dama cikin barci. In kana farkawa da asuba ka same shi a miƙe, galibi jikin lafiya lau yake, damuwar tana zuci. In kuwa watanni sun wuce babu wannan, je asibiti a gwada ciwon suga da hawan jini, ka kuma faɗa wa likita gaskiya in kana shan taba ko tiramadol.

Mafarki ma ba ya ƙarar da ƙarfin kowa, jiki bai daina yin maniyyi ba. Ba ka da zunubi, wankan janaba kawai za ka yi.

Maganin maza na kwalba kuwa, an sha samun irinsa an cuɗa masa sinadarin Viagra a ɓoye ba tare da awo ba, kuma yana iya halaka mai shan wasu magungunan ciwon zuciya.

Malamanmu na Malikiyya sun ce wanda ya kasa saduwa da matarsa, in ta kai ƙara, alƙali zai ba shi shekara guda cur kafin a yi maganar rabuwa. Shari'a ta ba ka wata 12, kai ka yanke wa kanka hukunci a kwana 3! Ka yi barci ka huta. Ka gaya wa amaryarka cewa gajiya ce da fargaba, don ita ma tana can tana zargin kanta, tana zaton ba ta yi maka ba ne. Ku yi hira, ku yi wasa, ku saba da juna ko da kwanaki za su wuce ba a kai ga saduwa ba, kuma kada sirrin ɗakinku ya je majalisa.