Sukuwa Da Zamiya

Hausawa suka ce iska na wahalar da mai kayan kara. Wanda ya fara faɗin wannan magana bai je makarantar injiniyoyi ba, amma ya san abin da suke kwana lissafi a kansa. Iska ba a ganin ta, sai dai tana da jiki, kuma duk mai son wucewa da sauri sai ya ture ta. Ka dubi mai babbar riga a kan babur, yadda rigar ke cika ta koma buhu tana jan sa baya. Ka dubi yaron da ke sukuwa, yadda yake kwantawa a wuyan doki ba tare da wani ya koya masa ba. Ko ka leƙo da tafin hannunka ta tagar mota tana tafe, ka ji yadda ake tura shi.

Abin da masana suka ƙara a kan karin maganar shi ne ƙididdiga. In ka ninka gudunka sau 2, turjiyar iska ba sau 2 take ƙaruwa ba, sau 4 ne, ƙarfin injin da za ka ƙona don ka ture ta kuwa sai ya kai sau 8. Shi ya sa direban da ya laɓta kaya a saman mota, ya bar but a buɗe an ɗaure da igiya, sannan ya ƙure maleji, yake kukan motarsa ta fiye shan mai. Ba motar ce ke sha ba malam, iska ce kake ciyarwa.

To, akwai wasu mutane a duniya da suka mai da wannan kokawa da iska sana'arsu. Ba sa ɗaukar fasinja, ba sa zuwa ko'ina. Burinsu kawai a ce babu wanda ya taɓa gudu a doron ƙasa kamar su. A shekarar 1899 wani ɗan ƙasar Beljiyam, Camille Jenatzy, ya zama na farko da ya haura kilomita 100 a awa, a wata mota mai aiki da batir da aka ƙera kamar harsashi. Sunan da ya raɗa mata da Faransanci, ma'anarsa wadda ba ta taɓa gamsuwa. Kai, ban taɓa jin sunan da ya dace da zuciyar ɗan Adam kamar wannan ba.

Daga nan aka yi ta tsere, har ran 15 ga watan Oktoba na 1997. Ranar ce wani matuƙin jirgin yaƙi na Ingila, Andy Green, ya tuƙa wata mota mai suna ThrustSSC a hamadar Black Rock ta jihar Nebada a Amurka, ya yi gudun kilomita 1,228 a awa. Ya riga sauti gudu ke nan, wato sai motar ta wuce ka kafin ka ji ƙararta. Har yau babu wanda ya kai shi. Da a kan hanyarmu ta Daura zuwa Katsina ne, mai tsawon kimanin kilomita 80, da ba zai cika minti 4 ba ya isa. Motar tana da injin jirgin sama guda 2, nauyinta ya haura tan 10, tayoyinta kuma ƙarfen alminiyam ne zalla, don roba ba za ta jure wannan juyi ba, tarwatsewa za ta yi.

Babban tsoron waɗanda suka ƙera ta ba rashin ƙarfi ba ne, tashi sama ne. A irin wannan gudu, in hancin mota ya ɗan ɗaga, iska ta shiga ƙarƙashinta, sai ta ɗauke ta kamar faifai a bakin guguwa. In kuma aka danne hancin fiye da kima, ta tone ƙasa ta kife. Tsakanin waɗannan biyu akwai ɗan siririn layi, kuma wani dattijon injiniya mai suna Ron Ayers, wanda a da aikinsa tsara makamai masu linzami ne, ya share shekaru yana neman sa, da kwamfuta da kuma ƙaramin samfurin motar da suka riƙa harbawa a kan dogo da roka.

Tambayar da ta sa na ɗauki alƙalami ita ce, shin wannan jarumta ce ko ganganci? In kuwa jarumta ce, me zai hana direbanmu da ke tashi da mu daga tashar Daura kamar an biyo shi ya ce shi ma jarumi ne?

Mu mutanen ƙasar Daura ba baƙin gudu ba ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kangiwa ranar hawan Salla ko lokacin Sallar Gani ya ga jahi. Mahaya su jeru, su sakar wa dawaki linzami, su sa ƙaimi, ƙura ta turnuƙe, su nufo inda Sarki yake kamar za su bi ta kansa. Amma ka lura da lokacin da mata ke rangaɗa guɗa. Ba lokacin sukuwar ba ne, ai kowane doki ya iya gudu, ko wanda ya tsinke daga turke. Lokacin zamiya ne, sa'ad da mahayi ya ja linzami, doki ya zauna a kan ƙafafunsa na baya, ya tsaya cak a gaban Sarki, aka ɗaga hannu aka yi jinjina. Mahayin da dokinsa ya ƙwace ya afka cikin jama'a, babu mai kiran sa gwani, ko da ya fi kowa gudu. Abin kunya ne gare shi da gidan da ya fito. Sannan kafin a fara, sai dogarai sun kore mutane an buɗe fili. Kakanninmu sun yarda da gudu, amma sun sa masa sharaɗi biyu: fili da linzami.

Da na bi labarin waɗancan Turawa, sai na tarar su ma a kan waɗannan biyun suka fi ɓata lokaci. Ba a kan kwalta suke gudun ba. Faƙo suke nema, tafkin da ya ƙafe, shimfiɗaɗɗe kamar tabarma, inda babu gari babu garke. Masu ThrustSSC sun fara gwajinsu a faƙon Al Jafr na ƙasar Jodan a 1996. Kafin mota ta motsa, mutane ke jeruwa su taka filin da ƙafa suna tsince tsakuwa. Da aka zo gwada wata sabuwar mota mai suna Bloodhound a faƙon Hakskeen na Afirka ta Kudu, mutanen yankin sama da 300 ne suka kwashe duwatsu kimanin tan 16,000 da hannu, aikin shekaru. Duk don mutum ɗaya ya yi gudun da bai wuce minti 2 ba. A 2019 motar ta kai kilomita 1,010 a awa, daga baya rashin kuɗi ya tsai da aikin.

Batun linzami kuwa, burki kaɗai ba ya tsai da irin waɗannan motoci, sai an saki laima a baya ta kama iska. Ka ga iskar da aka yi ta faɗa da ita, ita ake komawa a roƙa ta riƙe mutum. A 1964 wani Ba'amurke, Craig Breedlove, ya rasa laimominsa a faƙon gishiri na Bonneville, burkinsa ya ƙone, ya yi ta tafiya mil bayan mil, ya karya turken waya, ya ƙare a cikin kududdufin ruwan gishiri. Allah Ya yi da sauran kwanansa, ya fito da ƙafarsa.

Akwai wata doka tasu da ta burge ni ƙwarai. Ba a rubuta wa mutum bajinta da gudu ɗaya. Sai ya je, ya tsaya, ya juyo, ya dawo ta hanyar da ya bi cikin awa 1, sannan a haɗa biyun a raba. Dalili shi ne kada iska ta tura ka ta baya ka ce ƙarfinka ne. Kwana 2 kafin ranar da na ambata, Andy Green ya riga sauti zuwa da dawowa, amma ya makara wajen juyowa da abin da bai kai minti 1 ba, aka ce ba a karɓa ba. Bai yi rigima ba, ya sake. Na so a ce da wannan ma'auni muke auna wasu masu tinƙaho a cikinmu, waɗanda iskar gado ko ta siyasa ta turo su, suna ce mana gudunsu ne. Amma wannan zance ne na wata rana.

Yanzu mu dawo kan kwaltarmu. Direba ya cika mota a Daura zai tafi Katsina. In ya yi tafiyar kilomita 100 a awa, minti 48 ne. In ya taka ta zuwa 130, minti 37. Ribarsa minti 11, ko shayi mai zafi ba ka gama sha a cikinsu ba. Ga kuma abin da ya saya da su. A gudun 130, mota na cin mita 36 a kowace daƙiƙa. In motoci biyu suka taka burki a wuri ɗaya, ɗaya tana 100 ɗaya tana 130, a daidai inda ta farko ta tsaya cak, ta biyu tana nan tana gudun sama da 80. Wannan ba ra'ayina ba ne, lissafi ne, irin wancan na ninki. Kuma wa ya tsince masa tsakuwa? Wane dogari ya buɗe masa fili? Hanyar Mashi ce, ko ta Kazaure, ko ta Zango, da ramuka, da amalanken shanu, da yara masu talla, da ɗan acaɓa da zai fito daga lungu ba duba. In tirela ta wuce shi, iskarta kaɗai sai ta karkata masa sitiyari. Da hunturu ga hazo.

Na san direba yana da nasa uzurin, kuma ba na raina shi. Mai mota na jiran balas da yamma, mai ya yi tsada, in ya riga wani komawa tasha ya riga shi layi. Talauci ma ƙaimi ne. Mu fasinjoji kuma ba wankakku ba ne. Sau nawa aka ji wani daga baya yana cewa, "Haba direba, taka ta mana, ko jaki muka hau?" In ya taka, a ce wannan ɗanyen direba ne, ya iya hannu. In wani dattijo ya ce a rage, a yi masa dariya, a ce Baba tsoron mutuwa yake, ai kowa da ranarsa. Gaskiya ne kowa da ranarsa, amma ban taɓa ganin mai faɗin haka ya bar ƙofar shagonsa a buɗe ya tafi barci ba.

Wani zai ce, to su Turawan da kake yabo ba sa mutuwa ne? Suna mutuwa. A watan Agusta na 2019 wata Ba'amurkiya, Jessi Combs, ta rasu a hamadar Alvord tana neman zama macen da ta fi kowace gudu. Tayar gabanta ce ta lalace tana tsakiyar tafiya. Bayan rasuwarta aka tabbatar mata da kilomita 841 a awa. Ni ban wanke su duka ba. Rai ba mallakar mutum ba ne da zai jefa shi a caca, kuma dukiyar da ake ƙonawa don a ƙara 'yan lambobi a takarda tana sa ni tunani, musamman in na tuna su waye suka duƙa suna tsintar duwatsun. Sunan motar 1899 yana nan biye da su. Sai dai akwai bambanci guda da ba zan iya tsallakewa ba. Kujera ɗaya ce a motarta. Ta san abin da ta hau, ta zaɓa, kuma ba ta bi ta kan ɗan kowa ba. Direbanmu kuwa ran da yake wasa da shi ba nasa ba ne shi kaɗai. Akwai na mai jego a kujerar tsakiya, da na ɗalibi, da na tsohuwar da ta biya kuɗin mota don a kai ta asibiti. Ba wanda ya tambaye su ko sun yarda a yi tsere da su. Kuɗin zuwa suka biya, amana suka ba shi.

Hukuma ta yi nata ƙoƙarin. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988, a 2017 kuma ta fara tilasta wa motocin haya sa na'urar taƙaita gudu. Ga Jami'ar Sufuri ta Tarayya an kafa mana a nan Daura, wadda aka aza harsashinta a 2019, inda nake fatan 'ya'yanmu za su koyi wannan lissafi na iska da burki fiye da yadda na kawo shi a nan. Amma na'ura linzami ce kawai, kuma linzami sai da hannun da ya yarda ya ja. Jami'in hanya kuma ba zai zauna a kowace mota ba. Waɗanda ke zaune a kowace mota mu ne, mutum 6 ko 10 ko 18, kowa ya ƙanƙame kujera yana salati a zuci, yana jin kunyar a ce shi ne matsoraci.

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Mai'aduwa, ka tsaya a bakin hanyar Kwangwalam da hantsi ka ƙirga abin da ke tsallaka kwalta cikin minti 11: shanu, da raƙuma, da awaki, da masu kura, da yaran da ke biye da su da sanda.