Yaushe Shiru Ya Ke Zama Zunubi?

Ya kai mai karatu, ko ya halatta mutum shi ɓoye asalinsa da bangaskiyarsa domin shi zauna lafiya? Bari mu nemi amsa cikin Littafin Esta.

A zamanin Ahasurus sarkin Farisa, wanda yawancin masana su ke cewa ya yi mulki daga 486 zuwa 465 kafin haihuwar Almasihu, akwai wata marainiya Bayahudiya a birnin Shushan, cikin ƙasar da a ke kira Iran yau. Sunanta na gida Hadassa. Mordekai, ɗan ɗan'uwan ubanta, shi ya rene ta. Sa'an da aka kai ta fada, ya umurce ta kada ta faɗi kabilarta. Ta kuwa yi biyayya har ta zama sarauniya, Littafi kuma bai zarge ta ba. Gama akwai shirun da hankali ne.

Amma Haman, babban bafaden sarki, ya husata domin Mordekai ya ƙi rusuna masa. Ya yi alkawarin talanti 10,000 na azurfa, aka kafa doka a hallaka Yahudawa duka cikin larduna 127, ran 13 ga watan Adar. Daga ran nan shirun Esta ya sake kama. Dā ba ya cutar kowa, yanzu kuwa da jinin danginta za ta saye shi. Mordekai ya aika ya gargaɗe ta, bangon fada ba za ya tsirad da ita ba. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka duba abin da ke gabanta. Duk wanda ya shiga wurin sarki ba da kira ba, hukuncinsa kisa ne, sai fa in sarki ya miƙa masa sandan zinariya. Ita kuwa kwana 30 ke nan ba a kira ta ba. Ba wanda ya yi mata alkawari za ta fito da rai. Ta sa Yahudawan Shushan su yi azumi kwana uku, ita da kuyanginta ma suka yi. A rana ta uku ta shiga. Ba ta yi garaje ba: sai da ta kira sarki da Haman biki sau biyu, kana ta bayyana ko ita wace ce, ta roƙi ranta da na mutanenta. Aka rataye Haman bisa itace mai kamu 50 wanda ya shirya domin Mordekai. Har yau Yahudawa suna tunawa da wannan ceto da idin Furim, ran 14 da 15 ga Adar.

Ga abin lura. Cikin littafin nan na Ibrananci ba a ambaci sunan Allah ko sau ɗaya ba. Teku bai rabu ba, mala'ika bai bayyana ba. Duk da haka hannunsa yana nan, ya yi aiki ta bakin mace ɗaya wadda ta ƙi musun danginta.

Haka ranarka za ta zo, ba da tambari ba. Kadan an ƙulla wa maƙwabcinka sharri a gaban alkali, kai kuwa ka san gaskiya. Kadan albashi ko sarauta ta sa ka fara jin kunyar iyayenka da masu bi matalauta, ka tambayi zuciyarka: wa za ya biya kuɗin shiruna? Kadan kai kaɗai ne, kana iya haƙuri. Kadan wani ne, ka yi addu'a, ka nemi 'yan'uwa su taya ka, ka zaɓi lokaci da hikima, sa'an nan ka buɗe baki. Allah shi ba mu ƙarfin hali.