MAKI GUDA: TAUSAYI NE KO SHAIDAR ZUR?

 

Tun da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a shekarar 1962, aka kafa ta Sakkwato a 1975, Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano kuma ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, ƙasar Hausa ta sami wani irin malami wanda magabata ba su saba da shi ba. Shi ne malamin da ke da ofis da hatimi, wanda ake kira shugaban sashe. Jama'a na hangen motarsa da sunansa a jikin ƙofa, su ce ai wane ya huta. Kaɗan ne suka san irin kayan da ke bisa kansa, kaɗan ne kuma suka san cewa abin da ya fi kome nauyi a cikin kayan nan shi ne alƙalamin da ke aljihunsa.

Ga yadda yininsa yake. Bayan sallar asuba zai duƙufa a kan littafi, domin yana da lacca da ƙarfe takwas, shugabanci kuwa bai ɗauke masa koyarwa ba. Kafin ya iso ofis ɗalibai sun yi layi a bakin ƙofa: wannan sunansa ya ɓace daga jerin sakamako, wancan yana neman a sa masa hannu a takardar rajista. Masinja ya jibge fayiloli a kan tebur. Da hantsi akwai taron tsangaya, bayan azahar akwai taron sashe, inda za a raba darussa tsakanin malamai, kowa na gudun ajin da ya fi cika. Ga kundayen masu neman babban digiri suna jiran gyara, ga takardun ƙananan malamai masu neman ƙarin girma, ga shirin tarbar jami'an Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa waɗanda ke zuwa su duba ko sashen ya cancanci ci gaba da ba da digiri. Littafin da shi kansa ya fara rubutawa kuwa yana cikin akwati, ƙura ta rufe shi. Duk wannan a kan albashin da ba ya kai wata, wanda ma akan tsayar da shi, kamar yadda ya faru a yajin aikin 2022 da ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba.

Amma duk waɗannan wahalar jiki ce. Jarrabawarsa ta gaskiya tana zuwa ne a ƙarshen zango, lokacin da shi yake jarraba wasu. Malamin darasi ya duba takardu ya ba da maki, malaman sashe su zauna su tantance, a kai tsangaya, daga nan a kai majalisar jami'a. A kowane mataki, abin da ake dogara da shi shi ne sa hannun shugaban sashe a ƙasan takarda.

To, a ƙaddara wani ɗalibi ne a shekararsa ta ƙarshe, ya sami maki 39 a darasin da ba makawa sai an ci shi, alhali 40 ne matakin ci a jami'o'i da yawa. Ma'anar wannan ita ce abokansa za su tafi hidimar ƙasa, shi kuwa ya dawo ya maimaita. Bayan sallar isha'i sai ga sallama a gidan shugaban sashe. Kawunsa ne, ƙanen mahaifiyarsa, wanda ya biya masa kuɗin makaranta yana yaro. Bayan gaisuwa sai dattijon ya ce, “Ɗana, maganar yaron maƙwabcina ce ta kawo ni. Maraya ne, uwarsa ƙosai take sayarwa ta kai shi inda yake. An ce maki ɗaya tak ya rage, kuma an ce a hannunka yake. Ban taɓa roƙonka kome ba sai yau.”

Wannan ita ce mas'alar. Da ɗan mai kuɗi ne aka zo da ambulan, da babu abin tattaunawa, kowa ya san hukuncin rashawa. Amma ga maraya, ga kawu mai haƙƙi, ga maki guda da ba wanda zai lura da shi. Ashe Musulunci ba addinin rahama ba ne? Ashe ba a yi umurni da sada zumunci da kyautata wa maraya ba?

Kafin a amsa, ya kamata a san mene ne maki. Larabawa suna kiran takardar ƙare karatu “shahada”, Hausawa ma takardar shaida suke cewa, kuma sunan ya dace da abin. Malamin da ya rubuta 40 a gaban sunan ɗalibi yana shaida wa duniya ne cewa ya auna yaron nan, ya same shi ya san gwargwadon abin da ake bukata. Shugaban sashe da ya sa hannu ya zama shaida na biyu. Mutanen da za su dogara da wannan shaida kuwa ba su cikin ɗakin: majinyacin da za a ba magani, mai ƙara da zai tsaya gaban alƙali, yaran ƙauye da za a tura wa malami, matafiyan da za su bi ta kan gada. Da haka magabata suka fahimci ijaza. Shehi ba ya ba almajiri izinin karantar da littafi sai ya tabbata ya iya shi, domin ya san sunansa zai shiga cikin salsalar har bayan ransa.

Idan maki shaida ne, to, hukuncinsa hukuncin shaida ne. Aya ta 135 a cikin Suratun Nisa'i ta umurci muminai da tsayar da adalci da ba da shaida domin Allah, ko da a kan kansu ne ko iyaye ko dangi. Abin lura shi ne ayar ba ta tsaya a kan mawadaci ba, ta ambaci matalauci tare da shi, ta bayyana cewa Allah ne Mafi cancantar kula da su duka biyu. Malaman tafsiri sun ce hikimar haka ita ce mai shaida yakan karkata ta hanya biyu, tsoron mai shi ko tausayin marar shi, kuma duka biyun karkata ce. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito daga Abu Bakrata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana kishingiɗe yana lissafa mafi girman zunubai, da ya zo kan shaidar zur sai ya tashi zaune, ya yi ta maimaitawa har sahabbai suka yi fatan ya yi shiru don tausaya masa.

Batun ceto kuwa, watau abin da kawu ya zo yi, Musulunci bai hana shi ba. Aya ta 85 a wannan sura ta raba shi biyu, kyakkyawa da mummuna, kowanne da rabon mai yinsa. Kyakkyawa shi ne a taimaki mutum ya sami haƙƙinsa. Mummuna shi ne a nema masa abin da ba nasa ba. Lokacin da wata mace daga Banu Makhzum ta yi sata, Ƙuraishawa suka tura Usamatu ɗan Zaidu, wanda Annabi ke matuƙar ƙauna, ya yi mata ceto. Annabi bai karɓa ba, ya kuma bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin farko shi ne zartar da hukunci a kan mai rauni da ƙyale mai daraja. A jami'a ma haka abin yake. A ajin nan akwai wani yaron da shi ma ya sami 39, shi ma watakila maraya ne, sai dai ba shi da maƙwabcin da ya san kawun shugaba. Idan aka ɗaga na farko aka bar na biyu, abin da aka saka wa shi ne sanayya, sunan tausayi kawai aka ara.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa ana kiran shugaba ya zama dutse ne. Rahama tana da ƙofofi da yawa a ofishinsa, kuma dukkansu a buɗe suke da rana tsaka. Yana iya sa a ɗauko takardar yaron a sake lissafi, domin malamin da ya duba ɗaruruwan takardu yana iya tsallake amsa ko ya yi kuskuren tarawa. Idan aka sami makin a ciki, to, haƙƙi ne aka mayar wa mai shi. Idan dokar jami'a ta ba taron malamai ikon duba waɗanda suka tsaya a bakin iyaka, sai ya kai maganar gaban taro, a yanke abin da zai hau kan kowane ɗalibi mai irin wannan hali, a rubuta a ajiye. Idan duk wannan bai yiwu ba, yana iya kiran yaron ya zaunar da shi, ya haɗa shi da wanda zai koya masa, ya nema masa tallafi, ko ya sa hannu a aljihunsa ya biya masa kuɗin zangon da zai maimaita. Ma'aunin a nan mai sauƙi ne: mutum ya yi kyauta da abin da ya mallaka. Kuɗinsa nasa ne, lokacinsa nasa ne, amma maki ajiya ce aka ba shi. Duk taimakon da shugaba zai ji kunyar faɗa a gaban taron sashe, to, ya binciki zuciyarsa a kansa.

Saboda haka amsar da ta dace ita ce ya durƙusa ya ce, “Kawu, haƙƙinka a kaina ya fi ƙarfin in biya. Gobe zan sa a sake duba takardarsa a gabana. In makin na ciki, wallahi ba zai ɓata ba. In babu, ka bar mini yaron, karatunsa na baɗi yana wuyana. Amma kada ka so in tsaya gaban Allah da shaidar da ban gani ba.” Watakila dattijon ya tashi rai a ɓace, watakila a yi wata ana maganar a cikin dangi, a ce boko ya cinye wane. Wannan shi ne kuɗin da ake biya, kuma ba sabon abu ba ne. Sarkin Bukhara, Khalid ɗan Ahmad, ya nemi Imamu Buhari ya keɓe wa 'ya'yansa majalisin karatu ban da sauran mutane, ya ƙi, aka fitar da shi daga garinsu, ya rasu a ƙauyen Khartank a shekara ta 256 bayan Hijira. Ga shi yau ba a tuna sarkin sai in an zo ba da labarin malamin.

Haka nan alƙalamin ke bin shugaban sashe cikin sauran ayyukansa. Buhun shinkafar da mahaifin ɗalibi ya aiko ana gab da jarrabawa yana da hukunci a labarin Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka ya dawo ya ware wani abu ya ce kyauta aka ba shi, Annabi ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta zo. Hausawa ma sun ce in baki ya ci, ido ya ji kunya. Rahoton da zai rubuta a kan ƙaramin malamin da suka yi saɓani shi ma shaida ne, kuma aya ta 8 a Suratul Ma'ida ta hana ƙiyayya ta sa a bar adalci. Kundin ɗalibin da ya shekara a kan tebur ba a buɗe ba, da sa sunansa a kan binciken da wani ya sha wahalarsa, da kau da kai daga malamin da ke matsa wa ɗalibai mata ko mai tilasta sayen takardunsa, duk suna cikin abin da za a tambaye shi.

Mai hankali zai ce, in haka ne ai gara malami ya guji kujerar, ya koma ga littattafansa. Lalle akwai asali ga wannan tsoro. Abu Zarri ya nemi a ba shi aiki, Annabi ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, abin kuwa amana ne da ke zama nadama ranar Alƙiyama, sai ga wanda ya karɓe shi da haƙƙinsa ya sauke abin da ke kansa. Imamu Abu Hanifa ya zaɓi kurkuku a kan alƙalanci. Amma Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, saboda ya san yana da tsaro da sani, kamar yadda aya ta 55 a surarsa ta nuna. A ƙasar nan ma akwai misali. Wajen shekarar 1807 Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya ga son duniya ya fara shiga cikin jama'a, ya bar rundunar ya nufi gabas. Da ya iso Kano mutanenta suka roƙe shi ya tsaya ya koya musu yadda ake mulki bisa shari'a, ya tsaya ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, ya karantar da tafsiri, daga baya ya koma ya ɗauki nauyin da ya so ya guje wa. Abin da malamai suka fitar daga irin waɗannan shi ne kada a yi kwaɗayin shugabanci, amma idan ya zo, kuma mutum ya san in ya ƙi wanda ba ya tsoron Allah ne zai hau, to, gudu ba tsantseni ba ne.

Wa'adin shugaban sashe gajere ne, galibi shekara biyu ne, a sabunta ko a ba wani. Za a cire sunansa daga ƙofa, masu gaisuwa su koma ofishin gaba. Amma takardun da ya sa wa hannu suna nan a ma'ajiyar jami'a, ɗaliban kuma suna asibitoci da kotuna da azuzuwa suna aiki da shaidarsa. Iyaye da dangi su ma su ji tsoron Allah, su daina kai wa nasu abin da zai halaka shi da sunan zumunci.

Allah Ya taimaki duk wanda aka ɗora wa amanar ilmi, Ya ba shi ikon sauke ta, Ya sanya albarka a cikin karatun 'ya'yan Musulmi.